Murhun Bango da Aka Toshe: Sunayen Sassansa da Gargaɗin da Ke Cikinsu

A garuruwan Ingila, daga Landan zuwa Manchester da Leeds, akwai layuka bila adadin na gidajen jan bulo da aka gina manne da juna a zamanin Sarauniya Biktoriya, wadda ta yi mulki daga 1837 zuwa 1901. Duk wanda ya shiga falon irin waɗannan gidaje zai lura cewa bango ɗaya ya turo gaba daga daɓe har rufi, ya bar lungu biyu dama da hagu. An shafe shi da filasta, an yi masa fenti, sau da yawa ma a nan ake rataye talabijin. Can ƙasa kuma akan ga wata 'yar raga da iska ke shiga ta cikinta. Bayan wannan filasta akwai murhun jin ɗumi da aka toshe shekaru hamsin ko sittin da suka wuce.

Masu gyaran gida da yawa, har da Hausawan da zama ya kama su a can suka mallaki muhalli, suna sha'awar fasa bangon su dawo da wutar. A ido, aikin guduma ne na wuni guda. Sai dai maginan da suka yi gidajen sun raɗa wa kowane sashe na murhun suna, sunayen sun haura goma, kuma ba don ƙawa suka yi haka ba. Kowane suna yana nuni da aikin da sashen ke yi, kowane sashe kuma yana da irin tasa hanyar lalacewa. Wanda ya bi sunayen ɗaya bayan ɗaya ya san abin da zai duba kafin ya ƙyasta ashana.

Ita kanta kalmar murhu sai an yi hattara da ita a nan. Murhunmu, ko murfu a bakin wasu, duwatsu uku ne a tsakar gida ko a madafi, kuma girki ne aikinsa. Hayaƙinsa yana bin iska, ko ya ratsa jinka, ko ya bar kunkunniya a jikin azara. Idan hunturu ya matsa, kasko ake cikawa da garwashi a shiga da shi ɗaki, a wasu ƙauyuka kuma a hura wuta a ƙarƙashin gadon ƙasa. Duk cikinsu babu mai ginanniyar hanyar hayaƙi. Shi ya sa Bahaushe in ya ji an ce murhu, wurin da wuta ke ci kaɗai yake kawowa a ransa, alhali a gidan Bature wannan wurin shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da ake magana a kai.

Su ma Turawan daga irin namu suka fara. A tsakiyar babban ɗaki suke hura wuta, hayaƙi ya nemi kafa a rufi. Da dare akan buga ƙararrawa kowa ya rufe wutarsa gudun gobara, kuma daga wannan umarni na Faransanci, “couvre-feu”, wato rufe wuta, aka sami kalmar “curfew” da muke fassarawa da dokar hana fita. Sai a ƙarni na 16 murhu mai bututu ya yaɗu a gidajen masu matsakaicin hali. Kalmar “chimney” da suke kiran bututun da ita daga Faransanci “cheminée” ta fito, ita kuma asalinta Latin ne, “caminus”, tanderu ko wutar maƙera. A Faransanci har gobe kalmar guda ce ke nufin wurin wutar da ke falo da kuma bututun da ke kan rufi. Ingilishi ne ya raba su gida biyu. A wannan batu Faransawa sun fi kusa da gaskiya, domin abu ɗaya ne: baki a ƙasa, mafita a sama, doguwar hanya a tsakani. Wanda ya buɗe bakin kawai bai yi ko rubu'in aikin ba.

Toshewa iri-iri ce

Toshe murhu tsohuwar al'ada ce a Ingila. A 1662 gwamnatin Sarki Charles na Biyu ta ɗora harajin murhu: sule biyu a shekara a kan kowane murhu, a biya kashi biyu. Jama'a suka yi masa laƙabi da kuɗin bututu, suka kuma shiga toshe murahu don rage abin da za su biya, har sai da aka gyara dokar a 1664 aka ce duk wanda aka kama ya toshe ko ya ɓoye murhu zai biya ninki biyu. A 1684 gobara ta cinye gidaje ashirin a ƙauyen Churchill da ke yankin Oxford, mutum huɗu suka rasu, kuma abin da aka ruwaito shi ne wata mai gasa burodi ce ta huda bango ta haɗa tanderunta da bututun maƙwabci don ta kauce wa harajin. An soke harajin a 1689.

Toshewar da mai gyaran gida zai tarar a yau ta baya-bayan nan ce. Daga 5 zuwa 9 ga Disamban 1952 hayaƙin kwal ya haɗu da hazo ya lulluɓe Landan, ƙididdigar farko ta ce mutum kusan 4,000 ne suka mutu, bincike na baya ya kai adadin wajen 12,000. Wannan ya haifar da dokar tsabtace iska ta 1956, wadda ta bai wa ƙananan hukumomi ikon ware unguwannin da aka hana fitar da hayaƙi. A shekarun 1960 da 1970 iskar gas da na'urar ɗumama gida baki ɗaya suka shigo, murhun kwal ya zama ramin da ke jawo sanyi da ƙura, sai aka dinga rufe shi.

Amma kowa da yadda ya rufe nasa, kuma kalmar “an toshe” ta haɗiye bambance-bambancen da rai ke rataye a kansu. Wani bulo ya jera ya shafe. Wani allo ya buga, kuma allunan da ba sa cin wuta na wancan zamani da yawansu asbestos ne, ma'adinin da ƙurarsa ke haddasa cutar daji a huhu bayan shekaru, wanda Birtaniya ba ta haramta shi gaba ɗaya ba sai a 1999. Idan aka kankare filasta aka ga allo mai ruwan toka, a ajiye guduma, a kira masu gwaji su ɗauki ɗan samfuri. Wani kuwa hita mai gas ya kafa a bakin murhun, da aka cire ta aka bar bututun gas a binne, wataƙila ma da iskar a ciki. Wannan sai ma'aikacin da ke cikin rajistar Gas Safe ne doka ta yarda ya taɓa. Akwai kuma “back boiler”, wato tukunyar baya, wani akwatin ƙarfe da ake binnewa a bayan wuta don dafa ruwan gida. Idan aka yanke bututunsa aka toshe aka bar shi a wurin, sannan wani ya zo ya hura wuta a gabansa, ɗan ruwan da ya rage a ciki yakan zama tururi marar mafita, akwatin ya tarwatse. Hukumar kula da lafiya da kiyaye haɗurra a wuraren aiki ta Birtaniya ta yi gargaɗi a kan wannan bayan ya yi sanadin rasa rai.

Ita kuwa 'yar ragar nan ta ƙasa, alama ce ta cewa wanda ya toshe murhun ya san aikinsa. Bututun da aka rufe sama da ƙasa ruf yakan tara danshi, danshin ya narkar da gishirin da tsohuwar kunkunniya ta bari a bulo, sai a ga tabo mai ruwan ƙasa ya fito a bango, a yi ta fenti yana dawowa.

Ƙirji, ƙafafu, maƙogwaro

Da yawa daga sunayen sassan murhun daga jikin mutum aka aro su. Bangon da ya turo gaba sunansa “chimney breast”, ƙirjin bututu. Ginshiƙai biyun da ke gefen bakin wuta su ne “jambs”, daga kalmar Faransanci mai nufin ƙafa. Akwai baya, akwai maƙogwaro. Katakon ado ko dutsen da ke zagaye bakin kuwa “mantel” ne, asalinsa alkyabba, hular da ake kifawa a kan bututun can sama kuma “cowl”, sunan hular da ke haɗe da rigar 'yan zuhudun Kirista. Kenan harshen da kansa ya bambance gaɓoɓi da tufafi. Alkyabba da hula ana cirewa a sake wasu. Ƙirji da ƙafafu su ke ɗauke da nauyi.

Wannan bambanci shi ke tsara inda za a fara bincike, kuma ba a falo ake farawa ba. A fita titi a ɗaga kai a ga ko ginin bututun na nan a kan rufi, ko an rushe shi an rufe da fale-falen rufi. A hau bene a duba ɗakin da ke saman falon, a leƙa cikin rufi da tocila. A shekarun baya mutane da yawa sun rushe ƙirjin a ɗakin sama don ɗakin ya ƙara faɗi. In haka ta faru, hanyar hayaƙin ta yanke a tsakiya, duk wutar da aka hura a ƙasa a ƙarƙashin katakon ɗakin kwana za ta zuba hayaƙinta. Wasu kuma a ƙasa suka rushe suka bar na sama a rataye, tan-tan na bulo a kan ƙarafan da ba lallai su iya ɗauka ba.

In an tabbata ƙirjin na nan cif daga ƙasa har sama, sai a dawo falo. Sunan da ake nema yanzu shi ne “builder's opening”, ƙofar magini, wato ainihin ramin da birkila ya bari tun ranar gini, kafin a zo a cusa masa ƙaramin murhun ƙarfe da ado. Iyakarta ta sama ita ce “lintel”, kalmar da maginanmu suka daɗe da mayarwa linta, har akan ce gini ya kai linta. A waɗannan tsofaffin gidaje lintar ba lallai ta zama ta kankare ba. Sau da yawa bulo ne aka jera a ɗan lanƙwashe kamar baka, wani lokaci da faffaɗan ƙarfe a ƙarƙashi yana tallabe da shi.

Hanyar aikin ita ce a fara daga 'yar ragar, a cire ta, a haska tocila a ga abin da ke ciki. Daga nan a dinga kankare filasta ana yin sama a hankali, ba tare da an taɓa bulo ba. Za a ga launi ya bambanta: bulon toshiya sabo-sabo ne, an ɗaure shi da siminti mai tauri, layinsa bai dace da na bangon ba, na asali kuwa ya yi duhu, an ɗaure shi da farar ƙasa mai laushi da farce ma ke iya kankarewa. Inda suka haɗu akwai miƙaƙƙen layi dama da hagu, nan ne ƙafafu suka fara. A ci gaba da yin sama har a ga bakan ko lintar a fili, daga wannan ƙafa zuwa waccan. Sai an gan ta lafiya lau sannan a soma zare bulon toshiya, daga sama zuwa ƙasa. In bakan ya tsage, ko ya zauna, ko babu shi sam, to bulon toshiyar ne ke riƙe da ginin da ke samansa, zare shi na nufin ruftowa. Nan sai magini ya tokare bangon da ƙarafa ya saka sabuwar linta. A shimfiɗa leda, a rufe hanci da baki da takunkumi mai kyau, domin bulon farko da za a zare yakan zo da kwandon kunkunniya da ɓaraguzai.

Maƙogwaro shi ne inda ramin ya tsuke a saman wuta kafin ya shiga bututu. Wanda ya fito da muhimmancinsa shi ne Benjamin Thompson, haifaffen Amurka da aka fi sani da Count Rumford, wanda a 1796 ya wallafa bayanin yadda za a gyara murahun Landan masu mayar da hayaƙi ɗaki. Ya ce a rage zurfin ramin, a karkata gefunansa su dinga turo zafi cikin ɗaki, a tsuke maƙogwaron zuwa kimanin inci 4. Iska mai zafi ta fi mai sanyi rashin nauyi, don haka take hawa, tsukewar kuma na ƙara mata gudu. Abin da wannan ke koya wa mai gyara shi ne girman baki da girman bututu tare suke tafiya. Wanda ya buɗe ƙofar magini gaba ɗaya don ta fi kyau a ido, sannan ya hura wuta a ciki, ya ba ƙaramin bututu aikin da ya fi ƙarfinsa. Dokar gini ta Ingila, a sashenta mai harafin J, ta ce idan bakin ya wuce santimita 50 a 55, to faɗin cikin bututun ya kai kashi 15 cikin ɗari na faɗin bakin.

Sassan da ido ba ya kaiwa

“Flue” shi ne ramin da hayaƙi ke bi a cikin ginin. Gini ɗaya da ake gani a kan rufi yana iya ɗauke da irin wannan rami huɗu ko shida ko fiye, na falo, na kicin, na ɗakunan sama, wani lokaci har da na maƙwabci, tunda bango ɗaya ya raba gidajen. A ƙirga tukwanen da ke samansa, kowace tukunya rami guda ce. Girman da aka saba shi ne inci 9 a 14, kuma ba a miƙe yake ba, yana karkacewa don ya kauce wa murhun ɗakin sama. Cikin wannan matsatsi aka riƙa tura yara ƙanana su share kunkunniya. A 1775 likita Percivall Pott ya gano cewa kunkunniyar ce ke sa wa masu wannan sana'a cutar daji, amma tura yaran bai tsaya ba sai bayan dokar 1875, shekarar da wani yaro ya maƙale a bututun asibitin Fulbourn kusa da Cambridge, ya mutu jim kaɗan bayan an fito da shi.

Tsakanin rami da rami akwai siririn shinge mai kaurin rabin bulo, wanda magina ke kira “withe” ko “mid-feather”. Cikin ramin kuma an yaɓe shi da abin da suke kira “parging”, haɗin farar ƙasa da kashin shanu, dabarar da ba za ta ba maginin Hausa mamaki ba. Gidajen da aka gina kafin tsakiyar shekarun 1960 galibi wannan yaɓen kaɗai ke tsare da hayaƙinsu. Shekara ɗari na hayaƙin kwal da ruwan sama sukan cinye yaɓen, su ci ƙasar da ke tsakanin bulo, shingen ya huje. Daga nan hayaƙin falo ya ratsa zuwa ramin ɗakin kwana, ko ya ɓulla a gidan maƙwabci. Abin da mai burodin Churchill ta yi da gangan, tsufa kan yi shi ba da sanin kowa ba.

Akwai kuma baƙin daskararren abu mai ƙyalli kamar kwalta da ɗanyen itace ke bari a bangon ramin. Sunansa “creosote”, haɗin kalmomin Girkanci biyu ne, nama da mai adanawa, saboda irin sinadarin da ke cikin hayaƙin itace ne da ke hana naman banda ruɓewa. A cikin bututu kuwa makamashi ne da ke jiran tartsatsi. Shi ke kamawa ya zama gobarar bututu. Ƙari a kan haka, wani ɗan ƙaramin hankaka na ƙasar yana son bututun da aka daina amfani da shi. Yakan yi ta jefa ƙirare har su maƙale, ya gina sheƙa a kai, shekara bayan shekara, har mai shara ya fitar da buhu-buhu na itace da gashin tumaki daga rami ɗaya.

Duk waɗannan ba a ganinsu daga falo, shi ya sa ake kiran mai sharar bututu tun kafin a sayi ko da itace. Zai share, ya zura kyamara, sannan ya yi gwajin hayaƙi. Yakan ɗan ɗumama ramin, ya kunna ƙwayoyin da ke fitar da hayaƙi mai kauri, ya toshe sama da ƙasa, sai a bi gidan ɗaki-ɗaki ana duba gefen ƙirji, da cikin kabad, da cikin rufi, a ƙwanƙwasa wa maƙwabci shi ma ya duba nasa. Hayaƙi fid da na kogo, in ji Hausawa. Duk inda kafa take sai ya tona ta. In ya ɓulla inda bai kamata ba, maganin shi ne a zura sabon bututun ƙarfe marar tsatsa daga sama har ƙasa, ko a sake yaɓe ramin da kayan zamani.

Sai “hearth”, daɓen wuta. Shi ma biyu ne. Akwai na ado da ake gani, akwai na gini da ke ƙarƙashinsa, wanda ke raba wuta da katakon da daɓen ɗakin ke kai. Doka ta ce kaurinsa ya kai santimita 12.5, ya fito gaban murhu santimita 50, ya zarce kowane gefe da santimita 15. Lokacin toshewa wasu sun fasa shi sun shimfiɗa katako a wurin. A ɗaga kafet a gani da ido.

Na ƙarshe shi ne abin da tsofaffin maginan ba su raɗa wa suna ba, domin a zamaninsu ba a rasa shi: iska. Tsofaffin gidajen suna shan iska ta ƙarƙashin ƙofa da gefen taga. Yanzu an saka tagogi masu gilashi biyu, an liƙe kowace kafa, ga fankar kicin da ta banɗaki suna zuƙe iska zuwa waje. Wutar da ba ta samun isasshiyar iska tana fitar da kabon monoksaid, gubar da ba ta da launi ba ta da wari, wadda jini ke kamawa fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau fiye da 200. Mun san ta a gida: ita ce ke kashe iyali guda a dare ɗaya idan aka kwana da janareta a cikin gida, ko da kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Tana farawa da ciwon kai, jiri da tashin zuciya. Tun 2010 dokar Ingila ta wajabta saka na'urar gargaɗin wannan guba a duk ɗakin da aka kafa sabon murhun itace ko kwal. Kafa murhun kansa aiki ne da sai an sanar da sashen kula da gine-gine na ƙaramar hukuma, ko a ba ma'aikacin da ke da rajista da ƙungiyoyi irin su HETAS ya yi ya ba da takardar shaida. A kuma tambaya ko unguwar na cikin inda aka hana hayaƙi. Sayar da kwal ɗin gida na gargajiya ya haramta a Ingila tun Mayun 2023, itacen da ake sayarwa a ƙananan ɗauri kuma dole ruwan jikinsa kada ya wuce kashi 20 cikin ɗari.

Saboda haka idan dillalin gida ko magini ya ce za a buɗe murhu, a tambaye shi wane buɗewa yake nufi. Akwai buɗewa don ado: a fito da bakan da jan bulonsa, a share ramin, a rufe shi daga ciki a bar masa kafar iska, a sa hula a sama. Wannan linta mai ƙarfi kaɗai yake buƙata, kuma babu laifi a tsaya a nan. Akwai kuma buɗewa don wuta, wanda ba ya kammala sai ƙirji, linta, maƙogwaro, rami, shinge, daɓe da iska kowanne an duba shi an tabbatar da lafiyarsa, an kuma riƙe takardar mai shara da ta hukuma a hannu. Kamfanin inshora zai nemi takardun idan wani abu ya faru, lauyan mai saye ma zai nema ranar da za a sayar da gidan.